Marainiya Ta Canza Uwa

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karantawa kawai na iya, kuma sau huɗu ina yage shafin farkon nan. In kun ga na yi tuntuɓe a hanya ku kawar da kai, kamar yadda ake yi wa wanda ya zame a gaban mutane. Labarin wata yarinya ne da ƙanwarta da wata tunkiya, kuma duk a yini ɗaya ya faru.

Malama tana juya mangwaro a tafin hannu, tana neman inda ya bugu, sai ta ji kiran daga bayan rumfar tantancewa.

"Taho, taho, taho! Ku zo nan, 'yan gata!"

Muryar Auta ce, ƙanwarta. Nan da nan ƙasa ta ɗauki ƙarar kofato. Ta ramin da ke jikin langalangar rumfar Malama ta hango tumakin goma sha tara suna rige-rige, a gabansu kuwa wata fara mai baƙin kunne ɗaya, tana tura kanta cikin zanen Auta kamar za ta shige.

"Malama, wannan mangwaron kin kusa sauke shi," in ji Uwar Tagwaye, matar da suke aikin tantancewa tare. "Me aka rubuta a jikinsa ne? Karanta mana mu ma mu ƙaru."

Malama ta yi sauri ta jefa shi a kwandon tsakiya, sannan ta ga ashe lafiyayye ne, ta ciro shi ta mayar na farko.

Kwanduna uku ne a gabansu. Na farko na kasuwa, wanda ba tabo ba ƙwarzane, ana jera shi kai ƙasa don kada ruwan da ke fita ta gindin tsinke ya ƙone bawon. Na biyu na masu matse ruwansa su sa a kwalba. Na uku na wanda ya fashe ko tsuntsu ya fara ci, wannan rabon tumaki ne, shi ma kaɗan-kaɗan. Tun asuba masu tsinka suke kan tsani cikin bishiyoyi, su sauko da shi, ita da Uwar Tagwaye su rarrabe. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan tana wannan aikin, kuma ba shi ta zo yi ba.

Bara ita kaɗai ta zo aikin bazara a wannan 'yar gona, da aka yi dogon hutu. Baba mai gonar ya dube ta, siririya da tabarau da littafi a hammata, ya ce ba zai ɗora ta a tsani ba, kada iska ta tafi da 'yar mutane. Sai ya miƙa mata sanda ya ce ta bi tumaki. A satin ne wata tunkiya ta mutu wajen haihuwa ta bar 'ya. Malama ce ta shayar da ita da kwalba sau biyar a rana, ita ta naɗe ta da tsohon mayafinta, ita ta raɗa mata Marainiya. Takan zauna a inuwa tana karatu a fili don 'yar tunkiyar ta saba da muryarta, daga nan ma ma'aikata suka laƙaba mata Malama. Ranar da hutu ya ƙare Marainiya ta bi motar da ta ɗauki Malama da gudu har bakin hanya. Wata tara Malama ta yi tana ba da wannan labarin a gida, ita da ba ta cika magana ba.

Bana mahaifiyarsu ta ce, "Tafi da ƙanwarki, ko na huta da surutu."

Suna isowa Malama ta ajiye jaka ta nufi garke, ta durƙusa ta kira sunan. Marainiya, wadda ta zama ƙatuwar tunkiya, ta ɗago ta dube ta tana tuƙa, ta mayar da kai. Auta kuwa ko sunayensu ba ta sani ba, ta yi wani kira na shirme tana dariya, sai ga su duka sun zagaye ta. Kwana uku bayan haka Baba ya ce, "Malama, idonki ya fi ƙarfin kiwo. Ke ce ruɓaɓɓe ba ya wuce ki. Koma rumfa, ba wa yarinyar nan sandar."

Yabo ne, kowa ya ce yabo ne. Ita dai ji ta yi kamar an rufe ƙofa a hankali.

"'Yarki ta yi sabuwar uwa fa," Uwar Tagwaye ta ce, tana leƙa ramin ita ma. "Kada ki damu, haka 'ya'yan zamani suke. Nawa ma in na dawo aiki, leda suke fara gaisarwa kafin ni."

Malama ta yi murmushin da ba ta san inda za ta ajiye shi ba. A gida ma haka ne. In baƙi suka zo, ita ce mai kawo ruwa, Auta ce wadda suke tambaya in za su tafi. Ta saba, har ta ɗauka ba ya yi mata ciwo. Amma gonar nan tata ce. Ita ta gano ta, ita ta san wace bishiya ce mai tsami, ita ta san Iya matar Baba ba ta son a taka mata tabarma da takalmi. Abu ɗaya tak da ta taɓa samu ba tare da Auta ba, ga shi Auta ta shigo ta zauna a tsakiyarsa ko sallama babu.

Da hantsi Baba ya loda kwandunan kasuwa a tsohuwar motarsa ya tafi kai wa dillalai. Aka tsaya hutun shan ruwa. Uwar Tagwaye ta miƙe ƙafa ta rufe fuska da ɗankwali. Malama ta ɗauki roba, ta cika ta daga kwando na uku, ta soka 'yar wuƙarta a ƙugu, ta zagaya ta bayan rumfa zuwa ƙarshen shingen garke, inda wata bishiya ta kare ta daga ido.

Ta san ƙa'idar sarai, don ita ma bara Baba ya koya mata. Ba a ba tunkiya mangwaro sai da yamma, bayan ta ƙoshi da busasshiyar ciyawa, kuma kada ya wuce biyu ko uku. Zaƙin yana tashi a cikinsu ya yi kumfa. Ƙwallon kuma yana maƙale musu a wuya. Saboda haka ta yi niyyar uku kawai, kuma za ta fere ta cire ƙwallon.

Auta ta ja garken can wajen kwamin ruwa. Marainiya ce kawai ta tsaya sosa jiki a jikin shinge.

"Marainiya," Malama ta faɗa ƙasa-ƙasa, ta miƙa yanka ɗaya ta tsakanin itatuwan.

Tunkiyar ta shinshina, ta matso, ta karɓa. Leɓenta mai laushi ya taɓa yatsun Malama, daidai yadda yake taɓawa bara in madara ta ƙare a kwalba. Malama ta ɗauko wani mangwaron. Ta yanka na biyu, ta yanka na uku. Ta sosa mata bayan baƙin kunnen, tunkiyar ta lumshe ido.

"Taho, taho! Marainiya, ina kika maƙale?"

Kunnen ya juya wajen muryar Auta. Malama ta yi wuf ta yanka na huɗu. Kunnen ya dawo.

Auta ta sake kira. Malama ta sake yankawa. Wani daɗi mai zafi ya cika mata ƙirji: ana kiranta ba ta tafi ba, tana nan wurina. Duk lokacin da muryar ta taso, wuƙa ta sauka. Ba ta ƙirga ba, ita da ƙirga ya zame mata jiki. Sai da hannunta ya taɓa gindin roba ta dubi ƙasa, ta ga tulin ƙwallaye fes-fes a gaban ƙafarta.

Marainiya ta leƙa robar, ta ga wayam. Ta juya ta ruga wajen Auta, ko waiwaye babu.

Malama ta koma rumfa ta wanke hannu sau biyu. Kafin azahar sau uku Uwar Tagwaye tana ciro fasasshe daga kwandon kasuwa tana kallonta.

Rana ta ɗan karkata lokacin da ihun ya zo.

"Yaya! Iya! Ku zo, wayyo, Yaya!"

Suka tarar da Marainiya tsaye ta ware ƙafafu, wuya a miƙe, baki a buɗe tana numfashi da ƙyar. Cikinta ta hagu ya kumbura ya taso har ya fi bayanta tudu. Iya ta iso tana dogara sanda, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya yi ƙara kamar ganga.

"Innalillahi. Kumburi ne. Ga maigidan ba ya nan, ni kuma hannun nan ko allura ba ya riƙewa." Ta juya. "Wa ya taɓa ɗura wa dabba mai a cikinku?"

Masu tsinka da suka sauko daga tsani suka yi cirko-cirko. Auta tana ta kuka tana shafa wuyan tunkiyar.

"Ni," in ji Malama. Muryar ta fito siririya. "Bara na taya Baba."

"To me kike jira? Uwar Tagwaye, man girki yana kan kanta, kawo da kwalba mai dogon wuya. Yi sauri!"

Malama ba ta ɓata lokaci ba. Ta sa aka ja tunkiyar aka ɗora ƙafafunta na gaba a kan tudun bakin kwami. Ta haye ta matse ta da gwiwoyi, ta tallafi haɓarta.

"Kada ki ɗaga mata kai sama, Auta, zai bi ta huhu. Riƙe nan. A'a, nan."

Ta zura bakin kwalbar ta gefen baki, inda ba haƙori, tana tsiyayawa kaɗan tana jira ta haɗiye. Man ya bi mata hannu har gwiwa. Da kwalbar ta ƙare ta sa tafin hannu biyu tana murza kumburin, tana turawa sama, tana murzawa. A ranta ba addu'ar kirki ma ta iya haɗawa, sai dai kada ki mutu, kada ki mutu. Suka zagaya da ita garken, suka dawo tudun, ta ci gaba da murza har kafaɗunta suka mutu.

Ana cikin haka motar Baba ta shigo. Yana sauka tunkiyar ta saki wata doguwar gyatsa mai warin tsami, ta sake wata, ta sake. Cikin ya fara saɓa kamar an kwance bakin buhu.

"Alhamdu lillahi!" in ji Uwar Tagwaye, tana toshe hanci. "Kai, ko mijina bai kai wannan ba."

Aka fashe da dariya irin ta waɗanda suka tsorata. Baba bai yi ba. Ya durƙusa ya buɗe bakin tunkiyar, ya shinshina, ya duba gashin haɓarta da ya yi rawaya ya daskare.

"Mangwaro ne, kuma ba kaɗan ba." Ya miƙe ya dubi Auta. "Ke, me na gaya miki game da ƙofar lambun mangwaro?"

"Baba, ban..." in ji Auta. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

"Ba ki me ba? Kiwo ba waƙa da dariya ba ne, 'yata. Da yayarki ba ta nan, da yanzu wuƙa muke nema." Bai ɗaga murya ba, shi ya sa ma abin ya fi zafi. Ya karɓi sandar daga inda Auta ta jingine ta, ya miƙa wa Malama. "Ungo. Ni na yi kuskure da na raba ki da su. Ke kuma Auta, koma rumfa, Uwar Tagwaye ta koya miki zaɓe."

Malama ta karɓa. Sandar ta zauna a hannunta daidai, har ɗan lanƙwasan da babban yatsanta ya saba da shi yana nan. Iya ta dafa ta ta ce Allah ya yi albarka. Wani cikin masu tsinka ya ce daga yau ba Malama ba ce, Likita ce. Ba a taɓa taruwa ana kallonta haka ba. Kuma, gaskiya dai a faɗe ta, ta ji daɗi. Kwana goma sha ɗaya tana mafarkin wannan.

Da la'asar lokacin mayar da tumaki garke ya yi. Sun bazu a filin bayan rumfa. Malama ta tsaya a bakin ƙofa da sandarta, ta gyara murya.

"Ku taho."

Ko ɗaya bai ɗago ba.

"Taho, taho, taho," ta gwada irin na Auta, kunya kamar ta nutse. Wani tsohon rago ya dube ta ya ci gaba da cin ciyawa. Marainiya tana kwance a inuwa, ta juya mata ƙeya, wataƙila ba ta manta da kwalbar mai ba.

"Yaya."

Auta ce ta leƙo ta gefen rumfar, idanunta sun kumbura, hannunta duk danƙon mangwaro.

"Ba haka ba. Kina yi kamar kina roƙonsu. Ki ja ta ƙarshen, ki buga sandar a ƙofa sau biyu. Ƙarar suke bi, ba ni ba."

"Na sani," in ji Malama a taƙaice. Ba ta sani ba.

Auta ta matso ta tsaya kusa da ita, ta rage murya. "Kuma ki bar zuwa ta ƙarshen shinge, ƙasar wurin sabuwar tonawa ce, Baba zai lura. Na binne su."

"Kin binne me?"

"Ƙwallayen. Goma sha bakwai." Ta ja hanci. "Da na ga ta ƙi tafiya na bi sawunta. Tunkiya ba ta fere mangwaro da wuƙa, Yaya. Kuma duk gonar nan ba mai fere shi fes haka sai ke."

Malama ta juyo ta dube ta. "Tun kafin Baba ya dawo kika gani?"

"Tun kafin in yi ihu."

"To me ya hana ki faɗa?"

Auta ta ɗaga kafaɗa. "Ni ko an kore ni daga kiwo, gobe na manta. Ke kuwa sai ki shekara ba ki haɗa ido da kowa ba. Ai dama taki ce. Kullum a gida Marainiya, Marainiya, har na ƙosa in gan ta." Ta yi 'yar dariya cikin majina. "Amma wallahi zaɓen nan azaba ne. Uwar Tagwaye ta ce idona na ado ne kawai."

Ta koma rumfa da gudu don an ƙwala mata kira.

Ya kamata a ce a nan zuciyar Malama ta narke. Ba ta narke ba. Abin da ya taso mata shi ne dai na ɗazu, sai dai ya fi ɗaci. Tumaki sun zaɓi Auta, baƙi sun zaɓi Auta, yanzu kuma har kirkin ma ita za ta kwashe? Ta ɗauki laifin da ba nata ba, ta yafe tun ba a roƙe ta ba, ta tafi tana dariya, ita kuma a bar ta da sanda da tulin ƙwallaye a ƙarƙashin ƙasa har ƙarshen hutu, kullum tana cin bashin alherin ƙanwarta. A'a. Wannan kam ba za ta bar mata ba.

Baba yana gindin famfo yana wanke ƙafa. Malama ta je ta tsaya a bayansa har sai da ya ga inuwarta.

"Likita, yaya? Sun ƙi shiga?"

"Baba, ƙofar lambu a rufe take." Kalmomin da ta shirya duk suka watse, sai gajerun suka rage. "Ni na ba ta. Da safe, ta shinge. Goma sha bakwai. Na san ƙa'ida."

Ya daɗe yana zuba ruwa a ƙafa ɗaya.

"Don me?"

"Don ta tsaya wurina."

"Ta tsaya?"

"Har robar ta ƙare."

Baba ya rufe famfon. Ya dube ta, ba fushi ba murmushi, irin kallon da yake yi wa sama in yana lissafin ruwa. "Ita kuma waccan ta sani ta yi shiru."

"Ta sani."

"Hm. Gidanku akwai aiki." Ya miƙa hannu, ta sa masa sandar. "Gobe da asuba kafin zaɓe, ke za ki kwashe kashin garke. Sati guda. Man Iya kuma ke za ki gaya mata dalilin da ya sa ya ƙare, ba ni ba."

"To, Baba."

Ya sa takalmi ya nufi rumfa yana kira, "Ina 'yar surutun nan? Zo ki shigar mini da dabbobi kafin su kwana a waje!"

Auta ta fito tana goge hannu a zane, ta dubi sandar, ta dubi Baba, ta fara waige-waige. Ya ce mata wani abu da Malama ba ta ji ba, ya dafa kanta. Sai ga ƙarar sanda a jikin ƙofa sau biyu, sai ga kiran nan mai jan ƙarshe. Filin gaba ɗaya ya motsa. Marainiya ma ta yunƙura ta tashi, tana tafe a hankali kamar mai jego, masu tsinka suna yi mata tafi, Uwar Tagwaye tana cewa a ba ta hanya kada ta sake yin gyatsa.

Duk idanu suna can. Malama ta tsaya ta ga baƙin kunnen ya shige ƙofa, ya goga a zanen Auta. Har yanzu da ciwo, ba ta yi wa kanta ƙarya ba. Ta tura tabaraunta sama da bayan hannu, ta bi ta bayan motar Baba, ta raɓa jikin bango, ta shige rumfa ta ƙaramar ƙofa. Kwandon kasuwar da Auta ta jera yana nan, rabinsa kai sama, da fasassu biyu a tsakiya. Ta zauna ta jawo shi gabanta, ta fara juya su ɗaya bayan ɗaya.